Barnaba, Kafintan da Ya Sayar da Shanu Ya Sayo Mataccen Inji

"Albarka."

Abin da Barnaba ya yi ta maimaitawa ke nan a kara, wato kasuwar shanu ta Makarfi, ranar da ya kawo mini shanun huɗarsa guda biyu in sayar masa. Ni Lado, dillancin shanu ne sana'ata tun ina saurayi, kuma ina gane mai sayarwa don yana so da mai sayarwa don dole. Barnaba bai ɗaga ido ya dubi mai sayen ba. Wuyan farin bajimin yake ta shafawa.

Mai sayen, Alhaji Maiwada na Hunkuyi, ya gaji da tayi. Ya ce, "Lado, mutumin nan naka sayarwa ya zo yi, ko kuwa nuna mana su ya kawo?"

Na ja Barnaba gefe. Na ce, "Kafinta, tayin nan ya kai. Bazara ce, ruwa na hanya, yanzu ne shanun huɗa ke da daraja. Amma ka yi tunani. Darajar tasu ta zo ne daidai lokacin da kai ma ka fi bukatarsu. Matarka Matta ta san da maganar nan?"

Ya ce, "Ta sani. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba."

"To wannan ai a'a ce."

Ya waiwaya ya dubi shanun. Can ya ce, "In ka yarda za ka raka ni Kaduna ka yi mini cinikin inji, na sallama."

Na ce na yarda. Ya miƙa wa Alhaji Maiwada igiya, aka yi addu'ar Allah ya sa albarka, ya juya bai waiwaya ba. Ciniki biyu aka ƙulla ranar, na shanu da na rakiya, kuma na biyun ne ya sa yau na zauna ina wannan rubutu. A watan nan Barnaba Kafinta na Ikara ya ajiye aiki, bayan shekarun da suka haura arba'in yana riƙe da zarto. Ba za a kira taro dominsa ba, ba za a faɗa a rediyo ba. Ni kuwa na ga abin da na gani, ina so in faɗa tun yana da kunnen ji.

Wanda bai san shi ba, ga yadda yininsa yake. Rumfarsa na bakin hanyar Saulawa, ba allon suna, ba fenti. Da safe in ya gama addu'arsa shi da iyalinsa, sai ya fito ya share rumfa da kansa, ya tara dusar katako a buhu saboda masu kiwon kaji. Daga nan ya zauna a kan guntun kututture, fensir a bayan kunne, ya jawo katako ɗaya bayan ɗaya. Ya auna, ya ja layi, ya sake aunawa, ya jingine. Mai wucewa sai ya ce mutumin nan ba ya komai. Kwana da kwanaki yana iya yi ba a ji ƙarar yanka ba, katako sai taruwa yake a jingine, kowane da layinsa da lambarsa.

Dalili shi ne wuta. Kowa ya san yadda take a ƙasar nan, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Sai Barnaba ya tsara aikinsa a kan halinta. Duk wani tunani da awo yana gama su tun babu ita. Da ta zo, ba ya ɓata ko ƙiftawar ido wajen neman abin awo. Ya tashi, ya kunna inji, ya yanke aikin mako guda kafin a ɗauke. Har ya zama matan unguwa ba sa duba ƙwai don su san an kawo wuta. Da sun ji kukan zarton Barnaba, sai ka ga an nufi injin markaɗe da ƙwarya a ka.

Amma kafin a kai ga wannan, sai da ya kusa barin sana'ar baki ɗaya. Zarton hannu ya cinye masa kafaɗar dama. Ya kai in ya yanka katako kaɗan sai ya zauna yana murza ta, gumi na zuba. A asibiti aka ce ya huta. Hutu kuwa a shekarun nan da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, yunwa ce kawai aka sake wa suna. Ga shi masu gini sun fara kai aikin ƙofa da taga Zariya, inda ake da injuna. Ya duba, ya ga hanya biyu ce. Ko ya bar kafinta ya koma gona kacokan, ko ya sami injin da zai ɗauke wa kafaɗarsa nauyi. Ba shi da abin sayarwa sai shanun da ke ciyar da gidansa. In injin ya ƙi, ba shanu, ba sana'a.

Washegarin cinikin muka shiga mota, don a lokacin kuɗi ba ya kwana a aljihu da darajarsa. Abin da ka taya da safe, da la'asar ya fi ƙarfinka. A hanya ya kwatanta mini abin da yake nema. Zarto ne mai kewaye kamar faifai, an ɗora kansa a kan sandunan ƙarfe biyu. Ana jawo shi gaba a tura shi baya, don ya ratsa katako mai faɗi. Ana juya shi dama ko hagu, ana kuma kwantar da shi gefe, yadda zai yanka a karkace ta fuska biyu lokaci ɗaya. Ya ce irin yankan da ake bukata ke nan a kusurwar taga da inda itatuwan rufi ke haɗuwa, kuma shi ne yankan da ya fi wahalar da kafaɗa.

A kasuwar Panteka ta Kaduna muka sami rumfar wani Ɗan'azumi, mai sayar da injuna sababbi da na gwanjo. Yana da irinsa guda uku. Na farko lafiyayye ne, mai suna, amma ko shanu huɗu muka sayar ba za mu ɗauke shi ba. Muka gaishe shi muka wuce. Na biyu sabo ne fil a kwalinsa, ja, yana sheƙi, kuma kuɗinmu ya kai shi har da canjin mota. Ɗan'azumi ya tayar da janareta ya kunna shi. Ƙarar da ya yi sai da mutane suka taru.

Na ce, "Kafinta, ga naka. Ji murya."

Ya ce, "Ba waƙa zan sa shi ba, Lado."

Ya buɗe jakarsa ya ciro wani siririn katakon maɗaci da ya taho da shi tun daga Ikara. Ya nemi izini, ya juya zarton, ya yanka guda huɗu a karkace. Ya haɗa su a ƙasa suka zama kamar firam ɗin hoto, ya matse da hannu, ya ɗaga sama saitin rana. Ta kusurwa ɗaya haske na leƙowa. Ya sake saiti, ya sake yanka. Hasken ya bar wannan kusurwa ya koma wata. Sai ya kashe injin, ya jawo kan zarton har ƙarshen sanduna, ya girgiza shi da yatsu biyu. Kan ya yi rawa kaɗan, wanda in ba an nuna maka ba ba za ka lura ba.

Ɗan'azumi ya ce, "Baba, saiti ne kawai. A ɗaure kusoshi."

Barnaba ya ce, "Ba saiti ba ne, ɗana. Haka aka haife shi."

Na ukun yana can ƙurya an rufe shi da buhu. Fentinsa ya goge, yana warin ƙonanniyar waya. Ɗan'azumi ya ce daga wani kamfanin kujeru da ya rufe aka yi gwanjonsa, kuma gaskiya ita ce ba ya tashi, cikinsa ya ƙone. Barnaba ya durƙusa. Ya goge sandunan da gefen rigarsa, ya rufe ido, ya riƙa jawo kan yana turawa a hankali. Ya girgiza, bai motsa ba. Tunda ba ya yanka, sai ya ɗaure fensirinsa a jikin faifan zarton da igiya, ya ja ya zana layi a kan katako, ya aza ƙarfensa na auna kusurwa. Ya kife katakon, ya sake. Sai kawai na ji ya ce da ƙarfi, "Kai! Wannan bai san ƙarya ba."

Na taka masa ƙafa. Na ce, "Rufe bakinka, kana ɗaga mini farashi."

Ina ta ƙoƙarin nuna wa Ɗan'azumi cewa alfarma za mu yi masa mu raba shi da tarkace, shi kuwa Barnaba yana ta shafa sanduna yana cewa, "Dubi aiki. Dubi aiki." Ban taɓa raka mutum ciniki ya yaƙe ni kamar ranar ba. Duk da haka na sauko da shi yadda ya kamata, don Ɗan'azumi ya gaji da ganinsa. Abin da ya rage Barnaba ya raba biyu. Rabi ya sayi sabon faifan zarto mai kyau, wanda ni na ga tsadarsa ta yi yawa. Rabi ya ƙulle don gyara.

Da muka fito na ce masa, "Yanzu ka gaya mini. Ga mai rai, ka ɗauki matacce. Da wane baki za ka yi wa Matta bayani?"

Amsar da ya ba ni har yau ina aiki da ita a kara. Ya ce, "Lado, mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun abu marar aibi. Iyakarsa ya zaɓi aibin da zai ɗauka. Wancan sandunansa na wasa, kuma duk ƙasar nan ba wanda zai gyara su. Zai yi ta yi mini ƙarya ina sa wa mutane a gidajensu. Wannan waya ce ta ƙone, ana naɗa ta a Zariya."

A shingen soja da ke hanya aka sauke mu. Wani kofur ya ga sanduna biyu sun leƙo daga buhu, ya ce a kwance. Ya kewaya injin, ya ce, "Me yake yi?"

Barnaba ya ce, "Yanzu dai ba ya komai, ranka ya daɗe. Matacce ne."

"Da kuɗinka ka saya?"

"Da shanuna."

Kofur ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga mutumin da ya ba da shanu ya karɓi gawa. Suka yi dariya har suka manta ba su nemi na goro ba.

Matta ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi abin da muka sauke. Ta ce, "Malam Lado, sannu da hanya. Na san ka da sayar da masu rai. Ashe ka iya sayen matattu ma."

Na ce, "Uwar gida, ni rakiya na yi."

Ta ce, "Ai na gani. Ka raka shanuna, ka rako wannan."

Barnaba ya cire cikin injin ya kai wa wani Timoti, mai naɗin waya a Sabon Garin Zariya. Waya mai kyau ta yi wuya a lokacin, sai an jira. Ana cikin jira ruwa ya sauka. Maƙwabta suka fita da shanunsu, gonar Barnaba kuwa sai garmar hannu. Shi kafaɗa ba ta barinsa ya yi kunya mai tsawo, don haka nauyin ya faɗa kan Matta da 'ya'yanta mata. Na wuce ta gonar wata rana, na same ta a sunkuye, laka har gwiwa, mace da ta riga ta yi jikoki. Na yi mata sannu. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Yauwa. Ka gaida Alhaji Maiwada, ka ce ya riƙa ba farin nan gishiri, ya saba."

Da aka kawo cikin injin aka ɗaura, ya tashi, ya yi ƙara kaɗan, sai hayaƙi. Ina wurin. Ban taɓa ganin fuskar Barnaba haka ba. Kuɗin gyara ya ƙare, huɗa ta yi latti, ga injin ya koma yadda aka sayo shi. Wasu suka ba shi shawara ya sayar wa masu tsohon ƙarfe ya tsira da wani abu. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗauki cikin injin ya koma Zariya, ya ce wa Timoti ba shi da ko kwabo, amma ya ga shagonsa ba ƙyauren kirki, ba kanta. Suka daidaita. Timoti ya nemo waya mai kauri ya sake naɗi a tsanake, shi kuma Barnaba ya yi masa ƙyaure da kantoci da zarton hannu, da wannan kafaɗar da aka ce ya hutar.

Dawa ta kai gwiwa a gonakin mutane ranar da injin ya tashi bai mutu ba. Da hantsi ne aka kawo wuta. Ya ciro ragowar maɗacin nan, ya yanka guda huɗu, ya haɗa, ya ɗaga saitin rana. Ya juya kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Ba inda haske ya ratsa. Ya manne firam ɗin, ya nufi gona da shi a hannu, ni ina biye. Ya miƙa wa Matta.

Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Ana tuƙa tuwo da wannan?"

Ya ce, "Za a tuƙa."

Ta kai shi ɗakinta ta rataye a bango haka nan, ba hoto a ciki. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Shanuna ne."

Shekarar ba ta yi musu daɗi ba, kada in ɓoye. Amfanin gona ya zo kaɗan, tun kafin wata damina suka koma awon tiya. Amma aiki ya fara dawowa daga Zariya. Kuma abin da mutane suka gani da idonsu shi nake so in ambata.

Barnaba, kai ne wanda iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwan firamare a ƙauyen Furana, ka je ka auna sau ɗaya, ka dawo Ikara ka yanke itatuwan rufin duka ka sa musu lamba. Aka kai su a bayan a-kori-kura, kowane ya zauna a mazauninsa ba tare da an sake taɓa shi da zarto ba. Yara ba su rasa zangon karatu ba. Kai ne tagoginka ke rufuwa a watan Agusta kamar yadda suke rufuwa a bazara. Kai ne ka yi wa majami'arku bencina, ka yi wa masallacin unguwarmu makara, kuma a kan makara da akwatin gawa ba a taɓa jin ka yi ciniki ba. Abin da aka miƙo shi kake karɓa. Lokacin da katako ya yi tsadar da talaka ke sayen rabi-rabi, kai ne kake zama ka lissafa yadda za a fitar da ƙofa daga abin da wani zai ce bai isa ba, kuma ka mayar wa mai shi da guntayen da suka rage. Kai ne na Matta, mai kusurwar da rana ba ta ratsawa.

Idonsa ne ya tsayar da shi. Ya ce mini layin fensir ya fara zama biyu, kuma wanda ba ya ganin layi bai kamata ya kai hannu kusa da faifai ba. Ya ɗaga mini hannuwansa, yatsu goma cif, ya ce da su ya zo, da su yake son komawa.

Da na ji labari, halin sana'a ya motsa. Na kawo masa wani mai kamfanin kujeru daga Zariya da tayi mai kauri a kan injin. Barnaba ya saurara har ƙarshe. Ya shafa sandunan nan kamar yadda ya shafa wuyan farin bajimi a kara. Ya ce, "Albarka." Wannan karon kuwa bai sallama ba. Ya ba da injin ga Inuwa, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu magidanci ne da iyalinsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa. Injin ba zai bar Ikara ba, kuma duk ranar da aka canza faifai, a yanka guda huɗu a ɗaga wa rana kafin a taɓa katakon mutane.

Mun gode, Barnaba. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma masu tasowa, ko kafinta ne ku ko wata sana'a, lokacin nan ba zai ba ku abu cikakke ba. In kun tashi zaɓe, ku dubi abin da ba ya gyaruwa tukuna, kafin ku saurari ƙara.

Ni dillali ne, ba na tashi daga ciniki sai na san wa ya ci wa aka ci. Alhaji Maiwada ya ci, ya yi huɗa da shanun shekaru ya sayar wa mahauta da riba. Ɗan'azumi ya ci, ya rabu da abin da ya tare masa ƙurya. Timoti har yau da ƙyauren Barnaba yake rufe shagonsa. Ikara da Furana da Saulawa sun ci fiye da kowa, kuma yawancinsu ba su san da shanun wa aka biya ba. Ni na ci la'ada sau ɗaya, na rasa sau ɗaya.

Wadda ta yi asara Matta ce. Daminar nan ta tafi da bayanta, har yau ba ta miƙewa sosai, kuma ba injin da zai mayar mata. Sai bayan shekaru Barnaba ya sake zuwa kara, ya sa ni na zaɓo masa bijimai biyu, ya damƙa mata igiyar a hannu. Ta aika aka kira mai hoto daga kasuwa. In ka shiga ɗakinta yau za ka ga firam ɗin maɗacin nan a inda yake, da ita a ciki, a ɗan sunkuye, tana riƙe da igiya. Barnaba ba ya cikin hoton. Ta ce ya tsaya gefe.